Had disk ɗaya muke amfani da shi a gida, ya zan kulle kayana?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Had disk ɗaya gare mu a gida mai tera 1, ni da yayana da ƙannena biyu kowa na zuba kayansa a ciki. Ni duk wata nakan kwafe abin da ke laftof ɗina in zuba saboda ko-ta-kwana, har da hotunana da takardun wurin aiki. Na ɓoye foldar amma hankalina bai kwanta ba. Ya zan yi kar kowa ya buɗe?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Gara da hankalinki bai kwanta ba, don ɓoye folda ba kulle ba ne, duk yaron da ya ɗan iya Windows zai shiga View ya ce a nuna ɓoyayyun fayiloli, shi ke nan ta fito fili. Haka ma a ce an saita cewa ke kaɗai ke da izinin buɗe foldar, wannan yana aiki ne in tsarin ajiye fayiloli na disk ɗin NTFS ne, kuma da zarar yayanki ya jona shi a tasa kwamfutar inda shi ne admin zai iya ƙwace izinin cikin minti biyu. In tsarin exFAT ne ko FAT32 ma babu zancen izini kwata-kwata.

Abin da ke aiki shi ne a rikita bayanan yadda ba mai iya karanta su sai mai fasuwod. Wasu za su ce ki sa BitLocker, wato makullin da ke zuwa cikin Windows, to amma shi disk ɗin gaba ɗaya yake kullewa, ke nan ko ki hana ƴan gidanku shiga ko ki ba su fasuwod ɗin mu koma gidan jiya, ga shi kuma Windows Home ba ta iya kulle disk da shi, sai irin su Windows Pro.

Ni manhajar VeraCrypt nake ba mutane shawara. Kyauta ne, yana aiki a Windows da Mac da Linux. Ki sauke shi, ki danna Create Volume, ki zaɓi yin fayil mai kulle a cikin disk ɗin, ki yanka masa girma misali giga 100, ki sa fasuwod. Su abin da za su gani fayil ne guda ɗaya ƙato wanda ba ya buɗuwa, ke kuwa in kin buɗe shi da manhajar sai ya fito kamar wani filash daban, ki zuba kayanki ki rufe kafin ki zare wayar disk ɗin. Ki fara duba tsarin disk ɗin dai, FAT32 ba ya karɓar fayil ɗaya da ya kai giga 4. In kayan ba su da yawa 7-Zip ma ya isa, wato manhajar da ke matse fayiloli wuri guda ta sa musu fasuwod, sai dai ki zaɓi tsarin 7z kuma ki danna inda ake ɓoye sunayen fayiloli, in ba haka ba za a ga sunan komai ko da ba a buɗe ba.

Sai tsofaffin kwafen da ke kan disk ɗin yanzu. Gogewa kawai ba ta kawar da su, manhaja irin Recuva na iya dawo da su matuƙar ba a rubuta wani abu a kansu ba, don haka ki goge su da manhaja irin Eraser wadda ke bi ta rubuta a kan gurbin.

Ki sani kuma wannan fayil mai kulle kamar akwati ne mai kwaɗo a ɗakin da kowa ke shiga, ba za a buɗe ba amma ana iya ɗauke shi. Ƙaninki na neman wurin zuba fim ya ga fayil mai giga 100 da bai san kansa ba, wallahi gogewa zai yi. Ki sa masa suna a fili, ki gaya musu naki ne, sannan takardun da ba ki son rasawa ki ajiye wani kwafin a filash ko Google Drive, shi ma a kulle. Fasuwod ɗin ya zama dogo, jimla guda ba ranar haihuwarki ba, ki rubuta shi a takarda ki adana nesa da disk ɗin, don in kin manta shi ko masu VeraCrypt ɗin ba za su iya buɗe miki ba.