Kunkuru, hawainiya ko maciji: da wanne yaro zai fara?

Wa alaikumus salam, Malam. Ka ce ɗanka mai shekara 12 ya ƙwallafa rai a kan dabbobi masu jan ciki, kullum yana kallon masu kiwonsu a waya, har ka yi masa alkawarin saya masa ɗaya in ya ci jarrabawa. Kana so ka san wanda ya fi sauƙi ga sabon shiga tsakanin kunkuru, hawainiya da ɗan macijin nan marar dafi da ake naɗawa a hannu.

Kunkuru nake ba ka shawara, guda ɗaya tak, shi ma da sharaɗi: gidan ya zama naka, kuma a samu ƙasa a tsakar gidan. In haya kake, ko an shafe ko'ina da siminti da tayil, gara ka zauna da yaron ku canza alkawarin zuwa zomo ko tattabara. Na tashi na tarar da kunkuru a gidanmu, yau ni nake kula da shi tare da wani kunkurun da na raina tun yana ɗan mitsitsi, don haka abin da zan faɗa maka na gani ne.

Masu bidiyon da yaron yake kallo, yawanci abu uku suke zaɓa wa sabon shiga: tsaka mai ɗigo-ɗigo ta ƙasashen Pakistan da Afganistan, ƙadangaren Ostareliya mai gemu, da wani macijin Amurka marar dafi. Shawararsu daidai ce a inda suke. Can mutum yana shiga shago ya sayi gyare mai rai a kwali da ɓeraye daskararru, kuma ƙwan lantarkin da ke maye wa ƙadangaren hasken rana yana kunne awa 10 zuwa 12 kullum ba yankewa, a sake sabo bayan wata 6 zuwa shekara. Kai ma ka san yadda wuta take a wurinmu. Ita kuwa tsaka, komai kyan launinta, ka fara tambayar mai ɗakinka da iyayenka ko za su yarda a ajiye ta a kwana da ita a gida. Abin da muke da shi kyauta wanda su suke saye da tsada shi ne rana, kuma akwai dabbar da Allah ya halitta don wannan ranar tamu.

Hawainiya ka cire ta daga lissafi gaba ɗaya. Ita ce yara suka fi so, ita ce kuma ta fi saurin mutuwa a hannunsu. Ba ta shan ruwa a kwano, sai ɗigon da ta gani a kan ganye. Ba ta cin abin da ba ya motsi, ke nan kullum sai an kamo mata fara ko ƙuda mai rai, har da rani. Taɓawa tana wahalar da ita ƙwarai, shi kuwa yaro taɓawar yake so. Yaran unguwarmu sun sha kamo ta da damina su sa a kwali, ban ga wadda ta kai kaka ba. Damo ma haka. Ana yi masa kirari da sarkin haƙuri, amma yana kai kusan mita ɗaya, yana da farce da cizo da bulalar wutsiya, abincinsa kuma ƙwari ne da dodon koɗi masu yawan da ba za ka iya tarawa kullum ba.

Macijin da kake nufi, ƙaramar mesa ce da ke dunƙulewa ta ɓoye kai in ta tsorata. Asalinta ma nan Afirka ta Yamma ne, daga Gana da Togo da Benin ake fitar da ita zuwa Turai da Amurka. Gaskiya ba ta da dafi, ba ta cika wuce mita ɗaya da rabi ba. Sai dai tana rayuwa shekara 20 zuwa 30, ɓera take ci, kuma takan ƙi abinci wata da watanni, abin da ke rikita har waɗanda suka daɗe a harkar. Ran da ta sulale ta shiga maƙwabta, kashe ta za a yi, kai kuma ka shiga bakin unguwa. Abin da ya fi damuna shi ne yaron da aka koya wa cewa maciji abin ɗauka ne, a ƙasar da kububuwa da kasa da gamsheƙa suke. Wanda ya taɓa leƙa asibitin masu saran maciji na Kaltungo a jihar Gombe lokacin shuka ko girbi ba zai so ɗansa ya saba da miƙa hannu ba. Kada kuma ka sayi komai a hannun gardi. Haƙorin dafin da aka cire yana sake tsirowa.

To, kunkuru. Wanda aka fi ajiyewa a gidajenmu shi ne babban kunkurun Sahel, mai launin ƙasa-ƙasa, mai kaushin ƙafafun gaba da 'yan ƙayoyi a cinyoyin baya. A littattafai sulkata ake ce masa. Ƙasarsa ta faro daga Senegal da Muritaniya, ta ratsa Mali da Nijar da arewacin Najeriya da Chadi har Sudan da Habasha. Ba ya buƙatar ƙwan lantarki, ba ya buƙatar firji, ciyawa yake ci, ba ya sara, kuma yana sabawa da mai ba shi abinci har ya riƙa biyo shi. Wannan ne sauƙinsa.

Wahalarsa girma ne da tsawon rai. Ɗan da za a miƙo maka bai fi santimita 5 ba, yaron zai rufe shi a tafin hannu. Amma wannan shi ne kunkuru na uku a girma a duniya, bayan na tsibiran Galapagos da na Aldabra. Baligi yana kai santimita 60 zuwa 80, nauyin kilo 40 ko 50 ba abin mamaki ba ne, manyan maza suna wuce haka nesa. Yana iya haura shekara 70. Yaronka zai gama sakandare, ya tafi jami'a, ya yi aure, kunkurun yana nan a gidanka, ƙila ma ya shiga cikin abin da za a bar wa magada. Don haka kai ne mai kiwon a gaskiya, yaron mataimaki ne. Ka tambayi kanka ko kai kana so.

Yana kuma haƙa. A daji da rami yake tsira daga zafin bazara, rami mai tsawon mita da yawa, inda ƙasa ke da sanyi da danshi. A gida ma ba zai fasa ba, kuma gindin katanga ya fi so. Na gidanmu ya taɓa shiga ƙarƙashin katangar ƙasa har sai da aka yi mata gyara bayan damina. Maganin abin shi ne ka zaɓa masa wurin da kanka: kusurwa mai inuwa, nesa da rijiya da masai da tushen ɗaki, ka kewaye da bulo wanda aka nutsa cikin ƙasa, ka fara masa ɗan rami ka rufe samansa. Shingen ya zama wanda ba ya hango waje, domin duk abin da ya hango ta cikinsa zai yi ta tura shi har ya kayar. Kada ka haɗa maza biyu. Suna tunkuɗar juna har ɗaya ya kife, kunkurun da ya kife a ranar watan Afrilu kuwa, zafi ya haura digiri 40, ba ya daɗewa. Tun suna ƙanana ba a gane mace da namiji, duk wanda ya ce maka ga "mata da miji" a 'yan jarirai, cinikinsa kawai yake yi.

Wajen abinci ne aka fi cutar da kunkuru a gidajenmu, kuma da kyakkyawar niyya. Ana zuba masa ragowar tuwo da shinkafa da wake, yana ci, sai a ce ai yana so. Cikinsa na ciyawa ne. Kiri-kiri, guɗe-guɗe, harkiya, ɗanye da damina, ingirici da rani, wannan ya zama mafi yawan abin da yake ci. A ƙara masa ganyen rama, ɗan zogale, kabewa jefi-jefi. Harawar wake da ta gyaɗa kaɗan-kaɗan, don sun yi masa ƙarfi. Mangwaro da kankana da ayaba sai dai ɗanɗano, suna sa shi zawo. Nama da kifi babu su sam. Kunkurun da aka raina da abincin mutane a busasshen wuri, za ka ga ƙoƙon bayansa ya yi tudu-tudu maimakon ya kwanta sumul, kuma in ya yi hakan ba ya komawa. Ka kula da inda ake yanko ciyawar, kada ta zama ta gonar da aka yi wa feshi. Ka tumɓuke tumfafiya da zaƙami daga inda yake yawo. Don ƙarfin ƙashi, ka dafa ɓawon ƙwai, ka shanya, ka daka, ka barbaɗa masa a ganye sau biyu a mako. Sai hantsi: rana ta taɓa jikinsa kai tsaye, domin hasken da ke gina ƙashi ba ya ratsa gilashi. Wanda aka kulle a ɗaki, ƙoƙonsa laushi yake yi.

Akwai masu cewa kunkuru ba ya shan ruwa. Yana sha sosai. Ka binne masa kasko marar zurfi daidai da ƙasa, wanda zai shiga ya fita da kansa. Jariri kuwa a riƙa tsoma shi a ruwa mai ɗumi-ɗumi, iya haɓarsa, minti 15 zuwa 20 kusan kullum, ana tsaye a kansa, don ba ya iyo. Za ka ga wani farin abu yana fita tare da fitsarinsa. In mai laushi ne kamar kindirmo, lafiya lau. In ya zama tsakuwa-tsakuwa, ruwa ya yi masa kaɗan, kuma daga nan ne dutse ke taruwa a mafitsara. Jariri yana da maƙiya da yawa: shirwa, hankaka, gafiya, kare, har tururuwa. Shekarun farko sai a akwati mai faɗi da ƙasa mai ɗan danshi a ciki, da raga a sama.

Abu biyu nake roƙonka da girman Allah. Kada ka bari a huda gefen ƙoƙonsa a ɗaura igiya, kamar yadda ake yi a wasu gidaje. Ƙoƙon nan ƙashi ne mai rai, haƙarƙarinsa da ƙashin bayansa ne suka haɗe, akwai jini da jijiya a ciki, yana jin zafi. Fenti ma kada a shafa masa. Na biyu, allurar tsutsa da kaska da ake yi wa tumaki da shanu, wadda aka rubuta Ivermectin a kwalbarta, guba ce ga kunkuru. Wani maƙwabcinmu ya kira mai yi wa awakinsa allura, aka ga kaska a wuyan kunkurunsa aka haɗa da shi. Ƙafafunsa suka saki, bai tashi ba, dabbar da ta fi shekara 20 a gidan. Kaska da hannu ake cire ta. In za ka kai shi wurin likitan dabbobi, ka ambaci wannan maganar da bakinka, don yawancinsu da dabbobin kiwo suka saba.

Da hunturu, daren Disamba da Janairu yakan sauka ƙasa da digiri 15 a Kano da Katsina da Damagaram. Babba mai rami zai shige abinsa. Ƙarami a shigar da shi ɗaki da daddare, a fito da shi in hantsi ya ɗaga. Wannan irin ba ya dogon barcin sanyi irin na kunkurun Turai, saboda haka in ka ga majina ko kumfa a hancinsa, yana buɗe baki yana numfashi, ya daina ci, ciwo ne.

Ka ce akwai ƙannensa a gidan. Duk dabba mai jan ciki tana iya ɗauke da ƙwayar salmonela a kashinta ba tare da ita ta yi ciwo ba, a mutum kuwa zawo ne da zazzaɓi, ga ƙananan yara yana tsanani. Wannan ne ya sa Amurka ta hana sayar da kunkurun da bai kai inci 4 ba tun 1975, saboda yara suna kai shi baki. 'Yan ƙasa da shekara 5 kada su taɓa shi, kada su yi rarrafe a wurinsa. Wanda ya taɓa ya wanke hannu da sabulu, kaskonsa kuma kada ya haɗu da kwanukan kicin.

Inda za ka samo shi ma abin dubawa ne. Kunkurun nan yana ƙarewa a daji, saboda kamu da gobarar daji da dabbobin kiwo da suka cinye masa makiyaya. A 2021 hukumar IUCN, mai kula da kare halittun daji a duniya, ta sa shi cikin dabbobin da ke fuskantar barazanar ƙarewa, kuma tun 2000 yarjejeniyar CITES, ta ƙasashen duniya kan cinikin dabbobin daji, ta hana fitar da wanda aka kamo a daji zuwa wata ƙasa don kasuwanci. Duk wanda ka saya a hannun mafarauci, ka ba shi dalilin komawa ya kamo wani. Ka nemi gidan da suke da mace mai ƙwai. Tana zuba 15 zuwa 30 a lokaci ɗaya, masu gidan kan rasa yadda za su yi da 'ya'yan. In da hali ka karɓi wanda ya ɗan tasa, kamar faɗin tafin hannun babba, ya fi jariri jure kuskuren sabon hannu. Ka ɗaga shi ka ji nauyi, ido a buɗe tar, hanci a bushe, ƙoƙo da tauri, ya ja ƙafa da ƙarfi in ka taɓa.

Ka tabbatar kuma da irin da aka ba ka. Akwai wani ƙaramin kunkuru mai gaɓa a bayan ƙoƙonsa da yake rufe ƙafafun baya da ita, shi yana son danshi da inuwa, yana haɗawa da ƙwari. Akwai kififiya ta ruwa mai cin nama. A kasuwa duk da suna ɗaya za a miƙo maka su, kiwonsu kuwa ya sha bamban. Kafin ka biya kuɗi, ka turo hoton bayansa da na cikinsa da na ƙafafun baya, ka kuma faɗa mini faɗin filin da za ka iya ware masa da irin katangar gidan, in sha Allahu zan duba maka. Allah ya ba yaron sa'ar jarrabawa.