Tambaya da Amsa: Kusurwoyin gidan 'yar tsana sun buɗe baki, an ce in cusa auduga da sufa gulu

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam. Dan Allah taimako nake nema. Na yi odar gidan 'yar tsana na katako irin wanda mutum ke haɗawa da kansa, saboda 'yata mai shekara 7, alkawari na mata in ta kai izu biyar a islamiyya. Ni da babanta muka haɗa, hawa biyu ne, ya tsaya kam amma kusurwoyi huɗun nan na waje sun yi muni, haƙoran katakon da ke shiga juna duk sun leƙo, wani wurin har da rami ana hango ciki, ga kaifi, har ya karce ta a hannu. A takardar an nuna wasu siraran katako da ake rufe wurin da su amma ba su zo a kwalin ba. Wani mai gyaran waya a layinmu ya ce in cusa auduga a ramin in ɗiga sufa gulu wai zai zama kamar dutse, sai in manna sandunan askirim a kai. Abin da ke tayar min da hankali shi ne ƙanin yarinyar, shekararsa 2, duk abin da ya samu sai baki. In yi yadda aka ce ko akwai wata hanya?

Maman yara, daga Jahun, Bauchi

AMSA

Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya yi wa yarinya albarka ya sa ta sauke muna raye. Kin yi daidai da kika tsaya kika tambaya, kuma tun kafin mu yi nisa, kar ki yi abin da mai wayar nan ya ce. Zan dawo kansa don maganar tana da tsawo.

Fara duba bangon tukuna. In ramin ya fi milimita 3 to haƙoran ba su zauna ba ne, ki danna su su shiga sosai, ki sa kusurwar littafi mai kauri ko tayil a cikin ɗakin ki ga ko kwanar ta miƙe. Siririn katakon da za ki sa ado ne da rufin asiri, ba shi ke riƙe gida ba, in bango a karkace yake haka zai bi shi ya karkace. Sai ki naɗe samfefa mai lamba 120 a jikin ɗan guntun katako ki goge haƙoran har su yi daidai da bango, ki bi da mai lamba 220. A tsakar gida za ki yi, ba a ɗaki ba. Garin da ya zuba kar ki share, ki kwaɓa shi da farin gam na kafintoci, irin su Top Bond, ya yi kauri kamar tuwo, ki cike ramukan da shi ki bari ya kwana.

Girman katakon kuma ki auna ƙofar gidan. In tsayinta ya kai wajen santimita 17 ko 18, gidan na ma'aunin 1:12 ne, wato inci ɗaya a madadin ƙafa ɗaya, faɗin milimita 10 zuwa 12 ya yi miki. In ƙofar wajen santimita 9 ce to 1:24 ne, sai ki raba faɗin biyu. Masu sayar da kayan nan a waje suna da wanda aka riga aka fere mai siffar L, amma ba sai kin sake oda kin jira sati uku ba. Babanta ya je wajen 'yan katako a kasuwar Muda Lawal da awon tsayin bangon, ya nemi mai inji ya tsaga masa obeche ko malaina kaurin milimita 2 ko 3, ragowar da suke zubarwa ma ta isa. Obechen nan da muke rainawa shi masu irin wannan sana'a a Ingila ke saye da tsada, don yana da laushi kuma ba ya yawan tsagewa. Kowace kwana guda biyu ne, kuma ga inda mutane ke kuskure: kar su zama faɗi ɗaya. In kaurin milimita 2 ne, ɗaya ya zama 12 ɗaya 10, ƙaramin ki fara mannawa daidai bakin kwana, babban ya hau ya rufe gefensa, in kin duba ta kowane ɓangare za ki ga 12. Saman ki yanka shi da bin gangaren rufin, ki gwada ba gam sau biyu sau uku kafin ki shafa komai. In katakon ɗanye ne ki ajiye shi kwana huɗu ko biyar a ɗaki, musamman in hunturu ya shigo, in ba haka ba zai bushe a jikin gidan ya ja da baya ramin ya dawo.

Ki yi masa fenti kafin mannawa amma ki bar bayansa fari, haka in bangon ya sha fenti ki kankare inda zai zauna, farin gam ba ya kama fenti da kyau. Shafi kaɗan, in ya yi yawa siririn katako lanƙwasa yake. Ki ɗaure da tef na takarda, ki goge wanda ya tsatso da jiƙaƙƙen tsumma, a bar shi awa 24 inda yara ba sa kaiwa. Ba ƙusa, ba fil. Fentin ma na ruwa, sabo, kar a karɓo ragowar fentin mota ko na ƙofar ƙarfe a gareji, wasunsu akwai dalma a ciki, kuma mun ga abin da gubar dalma ta yi wa yara sama da 400 a Zamfara a 2010, duk da can daga dutsen zinare ta fito.

Toh yanzu maganar auduga da sufa gulu. Wallahi wannan abu ya ishe ni, kusan kullum sai wani ya shigo shago da kujera ko abin wasan yara ko hannun firij an cusa masa auduga ko tishu ko yashi an ɗiga sufa gulu, kuma kowa amsarsa ɗaya, wai a bidiyo ya gani. Masu bidiyon nan minti ɗaya suke nuna miki, sun ɗiga, ya daskare, sun buga da guduma, shikenan an wuce. Ba sa nuna hayaƙin da ke tashi, ba sa nuna hannunsu bayan an kashe kyamara, kuma ba su da yaro ɗan shekara 2 a gefe yana jan zani. Shi mai gyaran waya kuma allon waya ya sani, me ya haɗa shi da katako da za a ba yara?

Sufa gulu ba bushewa yake kamar sauran gam ba, danshi ne ke sa shi daskarewa, shi ya sa yake kama yatsa nan take fiye da yadda yake kama katako. In ya haɗu da auduga sai daskarewar ta zo gaba ɗaya lokaci guda, ta fitar da zafi mai ƙona fata, har hayaƙi za ki gani mai shiga ido da hanci. Yanzu ki tuna rigar yara da zanin da ke jikinki yawanci auduga ne. Kwalba ta kife a cinyar yaro, wandon ya yi zafi kuma ya manne da fatar, uwa a gigice ta fizge. Na ga irin wannan da idona a gidan wani maƙwabcinmu, yarinya ce ƙarama, ana gyaran takalmi aka ajiye kwalbar a tabarma, har yau tabon yana ƙafarta kuma har yau uwar ba ta daina zargin kanta ba. Ga kuma ƙaramar kwalbar da ta yi kama da ta maganin ɗigawa a ido, likitocin ido sun san wannan matsalar sarai, mutum ya laluba da dare ya ɗauka ya ɗiga.

Ko a bar maganar ƙuna, a aikin ma bai da amfani. In ya daskare kamar gilashi yake, ba ya ba da kai ko kaɗan, shi kuwa katako numfashi yake, da damina ya kumbura da hunturu ya tsuke, mu nan Bauchi kin san yadda ƙofa ke ƙin rufuwa a watan Agusta ta dawo tana lilo a Janairu. Farin gam yana ɗan bin katakon, sufa gulu kuwa tsagewa yake, wata rana gidan ya faɗo daga tebur sai dunƙulen audugar nan ya ɓalle, ƙanƙane mai kaifi kamar tsakuwa, daidai bakin ƙaninta. Tururinsa kuma yana sa tagogin roba su yi fari fat, ba sa gyaruwa. Sandunan askirim ɗin ma matsala ɗaya ce, tsayinsu bai wuce santimita 11 ko 12 ba, sai kin jera huɗu ko biyar a kusurwa ɗaya, kowane guntu abin ɓallewa ne. Dogo guda ɗaya daga ƙasa har rufi shi ne lafiya. Gam na kyandir da ake narkawa da bindiga shi ma ki bar shi, zafin Maris da Afrilu a ɗaki mai rufin kwano yana iya sa shi saki.

Abin da ke ƙara ɓata min rai shi ne maganin da ake bayarwa in abin ya faru, wani ya ce fetur, wani kananzir, wani ya ɗauko reza zai raba yatsun yaro. Haba jama'a! In yatsu suka manne, a jiƙa su a ruwan ɗumi da sabulu, a shafa man gyaɗa ko man kaɗanya ana murzawa a hankali, zai saki, ba a ja da ƙarfi. In a kan tufafi ya zuba ya fara zafi, a kwarara ruwan sanyi da yawa nan take, kar a fizge rigar, a yanke ta kewaye da wurin a tafi asibiti. In ido ne, a wanke da ruwa mai tsabta, kar a ɓamɓare fatar idon, kar a ɗiga komai, ba nono ba tozali ba ruwan kowane ganye, a rufe a nufi asibiti a lokacin ba sai gobe ba. Sufa gulun da ke gidanki yanzu ki ɗaga shi sama, nesa da inda kike ajiye magunguna.

Saura ƙananan kayan cikin gidan, su kujeru da tukwane da ƙwan fitila. Ma'aunin da masu kayan wasa ke amfani da shi ga yara 'yan ƙasa da shekara 3 bututu ne mai faɗin milimita 31.7, abin da ya shige ciki gaba ɗaya yana iya shaƙe yaro. A gida ki gwada da kwalin tsakiyar tishu, ya ɗan fi wancan faɗi, hakan ma ya fi. Duk abin da ya wuce ta ciki ki tara a gwangwani mai murfi, yayar ta riƙa fitarwa in ƙanin ya yi barci ko an goya shi, gidan kuma a ɗora shi kan tebur ko durowa. Bayan kin manna katakon ya kwana, ki bi bakinsa da samfefa ya yi santsi, ki sa farce ki gwada ɓamɓarowa da ƙarfi a sama da ƙasa, in ya motsa ki cire ki kankare ki sake. In kin tashi ki turo hoton kwanar da ta fi buɗewa da awon kaurin bangon, sai in faɗa miki daidai faɗin da za a tsaga.