Kafin ka fara ɗura harsashi, bar bututun ya zauna

Wa'alaikumus salam ƙanena. Ka ce ka samu sabuwar karabin, wato bindigar farauta, da takardunta, kana so ka fara ɗura harsashinka da kanka, wato ka zuba garin albarushi a kwanso ka ɗora masa harsashi, amma an ce maka sai ka horar da bututun bindigar tukuna, da harbi da wanki. Na daɗe ina riƙe da bindigar farauta a nan Maradi, ga abin da na gani.

Bututu sabo, ko da ido ya ga yana ƙyalli, akwai kaushi a maƙogwaronsa, wato inda harsashi ke barin kwanso ya kama layukan da ke murɗa shi. Ƙarfen da aka yanke wurin da shi yana barin zane a gicciye. Harsashi kuwa rigar jan ƙarfe gare shi, in ya wuce sai kaushin ya kankare ta, ta bi wuta ta manne a cikin bututun. Harbin farko-farko shi ke goge wannan kaushi, kamar rodajin sabon babur.

Yadda aka saba yi: ka fara share man da aka shafa a masana'anta har tsumma ta fito a bushe. Harbi ɗaya, ka wanke, har sau biyar zuwa goma. Daga nan uku-uku. Maganin wanki mai amoniya shi zai gaya maka gaskiya, don in akwai jan ƙarfe tsummar za ta fito shuɗiya. Ranar da shuɗin ya ragu, ka gama. Kada ka bar maganin ya wuce minti 15 a ciki, kuma ka sani burushin tagulla shi ma yana ba da shuɗi, sai ka yi ta wanki a banza.

Su kansu maƙeran bututu a Amurka ba su daidaita ba. Kamfanin Krieger yana ba da shawarar a yi, marigayi Gale McMillan kuwa ya ce ɓarnar harsashi ce da rage wa bututu kwana. Ni ina tsakiya, na fi jin tsoron sandar wanki fiye da rashin horon. Na ga bindiga mai kyau da mai ita ya cinye mata baki saboda yana zura sanda ta gaba. Ta baya ake zurawa. Ga ƙurar hunturu: tsumma ta faɗi ƙasa a bakin Gulbi, ka ɗauka ka tura, yashi ka goga wa ƙarfenka. Tsummokina a kwalba mai murfi suke, sandar ma sai na share ta kowane zuwa.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne kada ka gwada ɗurinka a bututun da bai zauna ba. A harbi hamsin zuwa ɗari na farko, gudun harsashi yakan ƙaru kaɗan-kaɗan, inda yake sauka ya canza. In ka zaɓi awon garin da za ka ɗura a lokacin, bayan wata guda za ka ga ya watse, ka ɗora wa hannunka laifi. Ka ƙarar da wannan zango da harsashin kamfani iri ɗaya, a mita 100, kana barin bututun ya huce, kana rubutawa a littafi. Kwansunan ka adana su, sun riga sun ɗauki siffar bindigarka.

In lokacin ya yi, awon da littafin masu yin garin ya ce a fara da shi, da shi za ka fara. Albarushin bindigar gargajiya daban, garin karabin daban, ba a haɗa su ko a musanya awonsu. Kuma ɗurin da ya yi lafiya da sanyin safiyar Janairu zai iya yin ƙarfi a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura 40. In maɗaurin, wato ƙarfen da ke kulle harsashi a bayan bututu, ya yi tauri wajen buɗewa, tsaya nan take.

Wurin gwaji kuma, ka samu tudu a bayan abin da kake auna, don makiyaya da yara masu itace ba su sanarwa. Ka tambayi jandarmomi ko izininka ya haɗa da ajiye gari, kuma ka je wurin ma'aikatan gandun daji kan dokar farauta ta 1998 kafin ka fita. Gandun namun daji na Gadabeji dai an hana farauta a cikinsa, kada wani ya ruɗe ka.