Odar Tsohuwar Fijo da Maganar Tsohuwar Zuma

Wani mai karatu daga Jekadafari a Gombe ya rubuto cewa yana tayar da Fijo 504 da ya gada daga mahaifinsa. Inji ya tashi, fenti ya kamu, oda ce ta ƙi magana. Ya ce: "Malam, na faɗa wa mai kayan gyara ina neman wayar ƙaho, ya yi ta dariya. Kuma kawuna ya ce kada in taɓa wayoyin da motar ta zo da su, wai da tsohuwar zuma ake magani. Ina gaskiya?"

Malam, mai shagon bai yi laifi ba. Ƙaho na saniya ne da rago, sai wanda wanzami ke kafawa a baya, sai na busa. Na mota oda ake cewa, wasu su ce ham. Akwai kuma odar da ke nufin umarni ko aika a kawo kaya, don haka idan ka ce ka yi odar oda daga Kano, Hausarka daidai take.

Sai batun Kawu. Karin maganarsa ingantacciya ce, wurin da ya ajiye ta ne ban yarda da shi ba. An zaɓi zuma ne domin tana shekaru ba ta lalace ba, kuma ana faɗin maganar idan matsala ta gagari sababbin hannu aka koma wa wanda ya daɗe a harka. Waya ba ta da wannan hali. Fijo 504 ta fara fita a Faransa a 1968, aka kuma riƙa haɗa Fijo a Kaduna tun 1975, ka ga wayar cikinta ta sha zafin inji da ranar Gombe shekaru da dama. Lanƙwasa ta da yatsa ka gani: robar ta bushe tana tsagewa, bakin jan ƙarfen ya yi kore. Zumar da Kawu ke nufi, in da zai yarda, tsohon mai wayarin ne da ya koyi aiki a kan Fijo, wanda zai fara da duba fis da wayar da ke komawa jikin mota kafin ya ce a sayi komai. Sau da yawa tsatsa ce kawai ta ci inda aka ɗaure odar.

Karin maganar da za ka riƙe a kasuwa ita ce "kama da wane ba ta wane". Ka lura an jefar da aikatau a cikinta, cikakkiyar ita ce kama da wane ba ta zama wane. Hausa na son wannan gajartawa, haka aka yi a "araha ba ta ado". Ɗauki misalin rile, ɗan akwatin da ke sakar wa oda wuta idan an danna madanni. Biyu za su yi kama kamar tagwaye, amma ka juya gindin ka karanta lambobin ƙafafun: 30 ce ke karɓar wuta daga batir, 87 ke miƙa ta ga oda, 85 da 86 na ɓangaren madanni ne. Haka ita ma odar, ka duba ƙarfin wutarta: Fijo 504 bolt 12 take ci, alhali tsofaffin Volkswagen Beetle na farkon shekarun 1960 bolt 6 ne, kuma odarsu kan faɗo cikin tarin 'yan gwangwan. Waya ma kada ta gaza ta asali kauri, don siririya zafi take ɗauka.

Ko kasuwar Ƙofar Ruwa za ka je a Kano ko Panteka a Kaduna, ka ciro tsohuwar odar da guntun wayarta ka tafi da su a leda, a gwada wadda za a ba ka da batir a gabanka.