Amsa: Waƙoƙin Jim Reeves da suka fito bayan rasuwarsa

Malam, ka tambaya ko waƙoƙin Jim Reeves, mawaƙin nan na Amurka, da suka fito bayan 1964 na jabu ne, tunda a shekarar ya rasu. A'a, muryarsa ce. Ya rasu ranar 31 ga Yulin 1964, da ƙaramin jirgin saman da yake tuƙawa ya faɗi kusa da Nashville a Amurka, yana da shekara 40. Ya bar waƙoƙi da yawa da ya naɗa ba a fitar ba, na kantiri (salon waƙar karkarar Amurka) da na coci. Matarsa Mary da kamfanin faifai na RCA suka yi ta sakinsu kaɗan-kaɗan. Cikinsu har da Distant Drums, wadda ta zo ta ɗaya a jerin waƙoƙin da aka fi saye a Birtaniya a 1966.

Sai dai ka kula wajen saye. Wasu an ɗora musu sabon kiɗa daga baya, goge da 'yan amshi har su nemi danne wannan murya tasa mai taushi. Ni dai na fi son na asali. In waƙoƙin addininsa kake nema, duba faifansa We Thank Thee na 1962, wanda ya fito yana raye, kafin ka taɓa haɗe-haɗen da masu kaset ke zubawa a memori.