Gasar Miliyan: Ina Asalinta, Me Ke Kashe Ta?

Tambaya: Assalamu alaikum. Musu ne ya kaure a fadarmu. Wasu sun ce shirin kacici-kacicin nan na cin miliyan Faransawa suka ƙirƙiro shi, wasu sun ce Frank Edoho na Najeriya ne. Kuma me ya sa yake ɓacewa, a daɗe, ya sake dawowa? (Wani matashi, Birni, Zinder)

Amsa: Wa alaikumus salam. Samari, a cikinku babu wanda ya ci. Ingila ce mahaifarsa. Tashar ITV ta fara nuna shi a Satumban 1998 da sunan Who Wants to Be a Millionaire?, Chris Tarrant ne mai gabatarwa. Sauran ƙasashe izini suka saya, har da kiɗan da fitilun: Amurka a 1999, Faransa a 2000 a tashar TF1 da Jean-Pierre Foucault, Najeriya a 2004 da Frank Edoho a matsayin mai gabatarwa.

Tsarin farko tambaya 15 ne, kowace da amsa huɗu, sai agaji uku: a goge amsoshin ƙarya biyu, a buga wa aboki waya na daƙiƙa 30, ko a nemi ra'ayin ƴan kallo. Akwai matsaya biyu, a tambaya ta 5 da ta 10. Wanda ya wuce su, ko ya faɗi daga baya, kuɗin wannan matakin nasa ne.

Ba ƙarewar tambayoyi ke kashe shirin ba. A Amurka zari ne: tashar ABC ta ga kasuwa, ta riƙa sa shi dare da yawa a mako har ya gundiri mutane, a 2002 ta cire shi daga shirye-shiryen dare. A Najeriya kuɗi ne: MTN ta janye ɗaukar nauyi a 2017, aka rufe, sai 2022 ya dawo da sabbin masu tallafi, Edoho na kan kujerarsa. A Ingila an tsaya a 2014 da tafiyar Tarrant, aka tayar da shi a 2018 da Jeremy Clarkson, aka ƙara agaji na huɗu, wato tambayar mai gabatarwa, kuma ɗan takara ne ke zaɓar inda zai kafa matsaya ta biyu. Na Faransa ya tsaya a 2016, ya dawo a 2019 da Camille Combal.

Tambaya: Ni malama ce. Muna so mu farfaɗo da gasar kacici-kacici a makarantarmu a kan wannan tsari, amma ba mu da kuɗi. Ta ina za mu fara? (Wata malama, Zango, Zinder)

Amsa: Malama, rashin kuɗi ba zai hana ba, littafi da alƙalami ma kyauta ce. Wahalar tana wajen rubuta tambayoyi. Ki rage su zuwa 10, matsaya a ta 4 da ta 7, don 15 na cin lokaci ga yara. In ɗalibai shida za su hau kujera, tambaya 60 kike buƙata, da wasu 10 na ajiya. Uku na farko su zama masu sauƙi ƙwarai, domin yaron da ya faɗi tun a farko ba ya sake fitowa.

Amsoshin ƙarya su yi kama da gaskiya, kuma kada ta gaskiya ta fi sauran tsawo, yara na saurin gano wannan. Malamai biyu su duba kowace tambaya. Ga misalin inda rigima ke tashi: shekarar da aka ɗauke babban birni daga Zinder zuwa Yamai. Wasu littattafai sun rubuta 1926, wasu 1927. In kika jera su biyun a zaɓi, kin jawo wa kanki gardama da iyaye. Sa ɗaya kawai, ki haɗa ta da 1900 da 1945 da 1960.

Amsoshi biyun da za a goge a rubuta su a bayan kati tun kafin a fara, kada a ce mai gabatarwa ya yi son kai. Kiran aboki kuwa, a Amurka ma sun soke shi a 2010 saboda abokan na leƙa intanet. Ki zaunar da abokan a wani aji, ba waya a hannunsu, a kirawo mutum in an buƙace shi. Ƴan kallo kada su ɗaga hannu, kowa zai bi na gaba da shi. A ba su kati kala huɗu su ɗaga lokaci guda. Su kuma zauna bayan ɗan takara, malami ɗaya na sa kunne. A 2001 wani hafsan soja a Ingila, Charles Ingram, ya kai ga fam miliyan ɗaya da taimakon tarin da ake masa daga cikin zauren. An hana shi kuɗin, kotu ta same shi da laifi a 2003.

Ki tanadi lasifika mai batir saboda ɗaukewar wuta. Sau ɗaya a wata ya isa, da babbar gasa a ƙarshen shekarar karatu.