Yayyena na barazanar kashe ni a kan gonar gado: kotu za ta iya sa 'yan sanda su kare ni?

Tambaya: Barista, mahaifinmu ya rasu bara ya bar gona a bayan garin Daura. Da na nemi a raba, yayyena biyu suka ce in na sake tayar da maganar sai dai uwata ta haifi wata. Ɗayansu har ƙofar gidana ya zo da adda bayan isha'i. Na je caji ofis aka ce maganar gida ce, mu sasanta. Ina mafita?

Amsa: 'Yar'uwa, Allah Ya jiƙan mahaifinku. Wanda ya ce miki maganar gida ce bai gaya miki doka ba. Barazanar kisa laifi ne a dokar Final Kod, wato dokar hukunta laifuffuka, ko da ciki ɗaya kuka fito, kuma sashe na 4 na Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ya ɗora musu kare rai da dukiya.

Amma kada in yaudare ki. Da wuya alƙali ya ce a girke ɗan sanda a ƙofarki dare da rana. Abin da ake samu ya fi haka amfani.

Ki koma, amma wannan karon da takarda. A rubuta koke zuwa ga DPO, kwafe ga Kwamandan Yanki na Daura da Kwamishina a Katsina, a buga hatimin karɓa a kan naki kwafen. Koken baki yakan bi iska, hatimi kuwa shi ke nuna wa kotu cewa kin kai kuka aka yi biris. Ki rubuta ranar da ya zo da addar, da maƙwabtan da suka gani. In sun turo miki saƙon murya na barazana a WhatsApp kada ki goge, komai ɓacin ran da sauraronsa ke jawo miki.

In 'yan sanda sun ƙi motsi, kina iya shigar da ƙara kai tsaye a kotun majistare. Alƙali na da ikon kiran yayyen naki ya sa su rattaba hannu kan alƙawarin zaman lafiya na wani lokaci, kowa ya kawo mai tsaya masa a kan kuɗi. Na sha ganin mai cika baki ya yi laushi ranar da ya gane kawunsa ne zai biya in ya karya.

Sai Babbar Kotu. Sashe na 33 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba ki 'yancin rayuwa, sashe na 46 kuma ya ce ba sai an taɓa ki ba, ganin alamar za a tauye haƙƙin ma ya isa. Lauya zai haɗa yayyen naki da 'yan sanda a ƙarar, ya nemi a hana su kusantar ki, a kuma umarci rundunar ta yi aikinta. Ana iya neman umarnin wucin gadi kafin a saurari ɗaya ɓangaren. In kuɗin lauya ne matsala, Hukumar Ba da Agajin Shari'a tana da ofis a Katsina.

Gonar kuwa, muddin ba a raba ba rikicin na nan. Ki kai Kotun Shari'a ta raba, ki roƙi a hana sayarwa ko jinginarwa kafin hukunci. Idan dattawa ko mai unguwa suka kira sulhu ki je, amma ba ke kaɗai ba, kuma kada ki dangwala yatsa a takardar da ba a karanta miki ba. Kafin nan, in da hali ki riƙa kwana wurin wanda kika amince da shi.